Abin da Na Koya Wajen Nazarin Asalin Mazauna Garin Postville

A lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin nazarin yawan jama'a a Amurka, an ɗora wa kowane ɗalibi aikin ya zaɓi ƙaramin gari guda ya bayyana su wane ne mazaunansa ta fuskar launin fata da asali, yana dogaro da alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta ƙasar. Ni na zaɓi Postville, wani gari da gonakin masara suka kewaye a arewa maso gabashin jihar Iowa. Abin da ya ja hankalina shi ne yawan mutanensa ya tashi daga 1,472 a 1990 zuwa 2,273 a 2000, alhali kuwa yawancin garuruwan karkara na wannan yanki raguwa suke yi, domin matasansu na ƙaura zuwa birane.

Na fara da teburin ƙidayar 2010, wanda ya nuna garin na da mutum 2,227. A cikinsa kimanin kashi 77 cikin ɗari farar fata ne, kashi 32 kuma Hisfanik, wato masu tushe daga ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci, galibi na Latin Amurka. Wanda bai san yadda aka tsara takardar ba zai ce an yi kuskuren lissafi, tun da waɗannan biyun kaɗai sun haura ɗari. Dalili shi ne tambayoyi biyu ne daban. Ta farko tana tambayar ko mutum Hisfanik ne ko a'a, ta biyu kuma tana tambayar launinsa: fari, baƙi, ɗan asalin ƙasa Ba'indiye (wato jinin mazaunan Amurka na farko), ɗan Asiya, ɗan tsibiran Fasifik, ko wani launi daban. Saboda haka ɗan Guatemala ɗaya yana iya fitowa a layin Hisfanik kuma ya sake fitowa a layin farare, maƙwabcinsa kuwa da suka fito ƙauye ɗaya ya zaɓi "wani launi daban". Tun daga nan na daina amfani da layin farare yadda yake, na koma teburin da ya ware fararen da ba Hisfanik ba, domin shi ne ya fi kusa da abin da ido ke gani a titi.

Ko shi ɗin ma bai wadatar ba, kuma nan ne na fi daɗewa ina aiki. Tsofaffin mazauna Postville jikokin manoma ne da suka zo daga Jamus da Norway a ƙarni na sha tara, yawancinsu mabiya ɗariƙar Lutheran ko Katolika. A 1987 wani iyalin Yahudawa 'yan Hasidik, wata ɗariƙa mai tsananin riƙo da addini, daga Brooklyn da ke New York ya sayi wata tsohuwar mayanka da ta daina aiki a gefen garin, ya mai da ita wurin yanka dabbobi bisa ƙa'idar addinin Yahudu. Malamansu da masu yanka suka biyo da iyalansu, suka buɗe wurin ibada da makarantarsu. Bayansu ma'aikata suka zo daga Yukiren da Rasha da wasu ƙasashen gabashin Turai. Duk waɗannan, manomi ɗan Lutheran da malamin Yahudawa mai dogon gemu da baƙar hula da lebura mai jin Rashanci, layi ɗaya suke a teburin ƙidaya, wato farare. Ƙidayar Amurka ba ta tambayar addini, domin tun 1976 doka ta hana tilasta wa mutum ya amsa irin wannan tambaya. Ke nan bambancin da ya fi tayar da ƙura a garin cikin shekarun 1990, tsakanin tsofaffin mazauna da Yahudawan da suka zo, babu alamarsa ko kaɗan a alƙaluman hukuma.

Wannan bai zame mini baƙon abu ba. A Najeriya ma ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda tsoron rigimar da amsar za ta haifar. Bambancin shi ne Amurka ta bar addini amma ta riƙe launi da ƙarfi, domin dokokinta na kare haƙƙin zaɓe da hana wariya suna buƙatar waɗannan alƙaluma.

Darasi na biyu ya shafi ranar da aka yi ƙidaya. Ana yin ta sau ɗaya a shekara goma, kuma ana lissafa mutum a inda yake zaune ranar 1 ga Afrilu. Wanda ya kwatanta 2,273 na 2000 da 2,227 na 2010 zai ɗauka garin ya zauna lafiya lau, mutum arba'in da shida kawai suka ragu. Amma a tsakanin waɗannan ranaku biyu, ranar 12 ga Mayu 2008, jami'an shige da fice suka kai samame mayankar suka kama ma'aikata 389, mafi yawansu 'yan Guatemala, sai 'yan Meziko. An kai su filin baje kolin shanu da ke birnin Waterloo inda aka kafa kotun wucin gadi, aka yanke wa kusan 300 hukuncin ɗauri na 'yan watanni kafin a mai da su ƙasashensu. Mata da yara da yawa sun fake a cocin Katolika na St. Bridget. Kamfanin mayankar ya nemi sababbin ma'aikata duk inda zai samu, har daga tsibirin Palau, wanda 'yan ƙasarsa ke da izinin aiki a Amurka bisa wata yarjejeniya, da kuma 'yan Somaliya daga Minneapolis. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya karye, a 2009 wani ya saye shi. Mutanen Palau da yawa sun zo sun tafi ba tare da wata ƙidaya ta riske su ba. Jimillar ta kusan zama yadda take, amma babban kaso na mutanen da ke cikinta an sauya su. Ban iya gane haka ba sai da na ajiye tebur na koma ga tsofaffin jaridu da bayanan kotu.

Daga nan na je garin da kaina, kuma abin da na gani a babban titinsa ya ƙara mini bayani a kan sauran layukan. Akwai kantin kayan abincin Yahudawa, akwai shagunan 'yan Latin Amurka, akwai inda Musulmi 'yan Somaliya ke salla, ga kuma allon shiga gari da ke kiran Postville mahaifar duniya. Wani malamin makaranta ya ja hankalina ga cewa wasu daga cikin yaran da aka rubuta Hisfanik ba Sifaniyanci ne harshen gidansu ba, domin iyayensu Mayawa ne daga tsaunukan Guatemala masu yarensu na gado. Haka kuma layin baƙaƙe, wanda ya kai kimanin kashi 4 cikin ɗari a 2010, ba ya bambanta ɗan gudun hijira daga Mogadishu da Ba'amurken da kakanninsa suka zo a zamanin cinikin bayi. Da ni ma ina zaune a can, Bahaushe, a wannan layin zan faɗa. Takardar 2020 ta ɗan gyara wannan, domin ta bar gurbi mutum ya rubuta asalinsa, har ta ba da misalai irin su ɗan Najeriya, ɗan Habasha da ɗan Somaliya, sai dai ba a cika fitar da irin wannan bayani dalla-dalla ga gari mai mutum dubu biyu da ɗoriya ba.

Ƙanƙantar garin ita kanta matsala ce. Na so in samu harshen da ake magana da shi a gida da ƙasar haihuwa, amma waɗannan ba sa cikin babbar ƙidaya, suna cikin binciken shekara-shekara ne da hukumar ke yi ta hanyar zaɓen wasu gidaje. Ga wuraren da ba su kai mutum 65,000 ba, sai an haɗa bayanan shekara biyar kafin a fitar da ƙiyasi, kuma a wasu layukan tazarar kuskuren da aka rubuta a gefe takan kusan kai girman adadin kansa. Irin wannan adadi ban sa shi a rahotona ba sai tare da tazararsa. A ƙidayar 2020 kuma hukumar ta riƙa ɗan jirkita ƙananan alƙaluma da gangan don kada a gano mutum ɗaya daga tebur, abin da ba ya cutar da lissafin babban birni amma yana iya sauya hoton ƙaramar al'umma. Ga kuma waɗanda ba a ƙirga ba: binciken da hukumar ta yi bayan ƙidayar ya nuna an tsallake kusan kashi 5 cikin ɗari na Hisfanik a faɗin ƙasa, baƙaƙe kuma kimanin kashi 3.3. A garin da mutane suka taɓa ganin an kwashe maƙwabtansu a rana ɗaya, ina ganin ba kowa ne zai buɗe wa ma'aikacin gwamnati ƙofa ba, ko da doka ta hana hukumar ba wa jami'an shige da fice bayanan kowa.

A ƙidayar 2020 mutanen Postville sun kai 2,503. Ban jera kason launuka na wannan shekara kusa da na 2010 kai tsaye ba, domin an sauya yadda ake karanta amsoshin da mutane suka rubuta da hannu, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa masu launi fiye da ɗaya a Amurka suka tashi daga miliyan 9 zuwa miliyan 33.8 cikin shekara goma. A maimakon haka na raba rahoton bisa zangon zuwan mutane, na sa manoman farko, sannan Yahudawa da ma'aikatan gabashin Turai, sannan 'yan Meziko da Guatemala, sannan waɗanda suka zo bayan samamen, kowane zango da adadin da ya fi kusa da shi da bayanin abin da adadin ya ɓoye. Na kuma ƙara gargaɗi ga wanda zai ci gaba da aikin, domin a watan Maris na 2024 gwamnatin tarayya ta amince a haɗe tambayoyin nan biyu, ta Hisfanik da ta launi, su zama ɗaya, a kuma ware sabon layi ga mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Idan aka yi amfani da wannan tsari a 2030, kason farare a Postville zai iya faɗuwa sosai ko da babu mutum ɗaya da ya bar garin.