Damina uku muna aikin gayya a bakin rafin unguwarmu

Ruwan da ya shiga ɗakin mahaifiyata a watan Agustan 2022 shi ya fara sa ni ɗaukar shebur. A watan ne ambaliya ta shiga kasuwar Kantin Kwari, gari ya ɗauka ana ta jajanta wa 'yan kasuwa atamfofi da shaddodin da suka jiƙe. Namu ba a faɗa a rediyo ba. Cikin dare ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi wuluk, ga ɗoyi, muka kwana muna kwarfa da bokiti da kwano. Da gari ya waye na bi sawun ruwan. Ashe kwalbatin da ɗan rafinmu yake bi ta ƙarƙashin titi ne ya toshe da ledar fiya wata da famfas da robobin lemo, har da wata tsohuwar katifa da ta gitta a bakinsa.

Rafin nan ba shi da wani suna, kwari kawai muke ce masa. Yana ratsa bayan gidajenmu ya faɗa Jakara. Ita kuwa Jakara duk Bakano ya san ta. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, kuma Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da ita fadama ce a tsakiyar birni. A wa'adin mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe sashenta na cikin gari da shimfiɗa titi a kai. A ƙasa tana haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su zarce madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Kafin nan, da ruwanta manoman Kwakwaci suke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai, domin abin da muka zuba a bayan gida yana iya dawo mana a cikin kwanon miya.

Na fara da mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, so muke ku sa mana albarka mu yashe kwarin nan." Ya ce, "Allah ya yi muku albarka, yaro. Amma an sha yasa, yana dawowa." Ban gane nauyin maganarsa ba a lokacin.

Muka zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, tunda ba zirga-zirgar ababen hawa har ƙarfe 10 na safe. Mu 14 muka fito, da shebur da manjagara da baro biyu na aro. Wani maƙwabcinmu ya shiga da silifas, fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, sai da aka yi masa ɗinki da allurar tetanus. Daga ranar muka kafa doka: ba mai shiga ba takalmin ruwa da safar hannu. Duk da haka kafin azahar mun buɗe kwalbatin, ruwa ya wuce da gudu, yara suna ta sowa.

Kuskurenmu na farko shi ne tara dattin da muka yaso a gaɓar rafin, muna jiran motar shara da aka yi mana alkawari. Ba ta zo ba. Kwana huɗu aka tafka ruwa, komai ya koma inda muka ciro shi. Na tsaya a kan kwalbatin da safen nan kamar in yi kuka. Yanzu ba ma sa shebur a ruwa sai mun tabbatar da abin da zai kwashe a ranar, ko da kura ce ta haya.

Babban darasin kuma wata dattijuwa ce ta koya mini shi. Mun rubuta a bango da jan fenti cewa an hana zuba shara, mun sa matasa gadi, har an kusa dambe da wani almajiri da aka kama da bokiti. Sai ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, yaron da kuka kora ni na aike shi. Naira 50 nake ba shi. Juji mafi kusa yana can tsallaken titi, mota ta taɓa bige wani. Ina kuke so ya kai?" Na ce, "Iya, ku yi haƙuri, ba mu yi wannan tunanin ba." Gaskiyarta ce. Mu maza muna fita da safe mu dawo da dare, ba mu san yadda shara take fita daga gidajenmu ba. Matan da suke sharar ba wanda ya tambaye su, kuma su ne ruwan yake fara tararwa a tsakar gida.

Daga nan aikin ya sauya. Ƙanwata da wasu malaman Islamiyya mata suka shiga gida-gida suna jin ta bakin matan aure. Aka amince kowane gida ya riƙa ba da naira 200 a mako, muka sayi kura, muka ɗauki matasa biyu suna zagayawa safiyar Litinin da Alhamis. Robobi ana ware su a buhu daban, 'yan jari-bola suna saye, kuɗin ya tafi gyaran taya. Almajiran da muke kora da, biyu daga cikinsu su ne suke tayawa ana biyansu, da sanin malaminsu. Liman ma ya yi huɗuba a kan hadisin da ya ce kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, da hanin yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Bayan sallar nan mutum uku suka zo da kansu suka ce a sa sunansu.

Gaɓar rafin tana zaftarewa duk damina, har ta kusa cin katangar wani gida. Wani tsohon manomi ya ce mu nemo jema, ciyawar nan mai dogon saiwa da ake samu a fadama. Muka dasa ta layi-layi, ta kama ƙasar gam. Bishiyoyi ne suka ba mu wahala. Darbejiya 30 muka dasa da fari, awaki suka cinye kusan duka cikin mako biyu. Karo na biyu muka kewaye kowacce da tsofaffin bulo, muka damƙa ta a hannun gidan da take ƙofarsa. Wadda aka ce "taka ce" ba ta mutuwa da ƙishirwa. 19 sun rayu, wasu sun fi ni tsayi.

Ruwan bai zama garai-garai ba. Kwatocin gidaje har yanzu a ciki suke zuba, kuma duk ruwan farko sai ya kawo mana sharar unguwannin da ke sama da mu. Wannan ya fi ƙarfin shebur, sai hukuma ta shigo da gaske, kuma muna ta kai takarda. Akwai watan da mu biyar kacal muka fito, akwai gidajen da ba su taɓa biya ba, amma kura ba ta tsallake ƙofarsu, don in ta tsallake mun san inda sharar za ta.

Damina uku ke nan ruwa bai shiga ɗakin mahaifiyata ba. Bana bayan wani ruwan dare ta tashe ni ta ce in saurara, kwaɗi ne suke kuka a kwari, rabonta da jin su tun muna yara. Matasan unguwar da ke sama da mu sun zo sun ga kurarmu, sun ce mu je mu zauna da mai unguwarsu. Asabar mai zuwa can za mu, da jema buhu biyu da muka tuge daga tamu gaɓar.