Inda Aka Kwana a Gyaran Jitata Bayan Wata Uku

'Yan uwa masu koyon jitar lantarki, assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara taɓa ƙarafan jitata, kuma tun da wasunku sun ga halin da take ciki ranar da muka haɗu a Yalwa kafin shigowar hunturu, ya dace in sanar da ku inda aka kwana. Jitar ta hannu ce, ƙirar Stratocaster amma ba ta kamfanin Fender ba, irin kwaikwayon nan mai araha. Ciwonta biyu ne: ba ta zama a saiti, musamman tsirkiya ta uku wato G, sannan da zarar na jona ta da amfilifaya sai ta kama gurnani kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani.

Da farko na ɗora laifin a kan kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, domin su ne ido yake fara gani. Na sa aka aiko mini da masu kulle daga Legas, waɗanda sai an juya kunnen sau 18 kafin sandar da tsirkiya ke naɗuwa a kai ta zagaya sau ɗaya. Da suka iso sai na tarar suna buƙatar rami mai faɗin milimita 10, ramukan kan jitar kuwa ba su kai haka ba, don haka sai da wani kafinta ya faɗaɗa su da hannu sannu a hankali, saboda injin huda yana iya tsaga fenti har da itacen. Sauya tsirkiya ya yi sauƙi ƙwarai, amma G ɗin nan ta ci gaba da halinta. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan daram.

Kunne ne ya gano abin da ido ya kasa. Wani dare da aka ɗauke wuta ina saita jitar ba tare da amfilifaya ba, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙis, tana fitowa daga ɗan farin abin nan mai tsaga shida da ke bakin wuya, wanda tsirkiyoyi ke bi ta kansa kafin su isa kunnuwa. Ni matashi nake kiransa. Na roba ne, an yanka tsagoginsa daidai da siraran tsirkiyoyi masu farawa daga lamba 9, alhali masu lamba 10, waɗanda suka fi kauri, su ne a kai. Ashe tsirkiya maƙalewa take yi a tsagar, ka murɗa kunne ba ta motsa ba, sai kana tsakiyar kiɗa ta kuɓuce ta koma inda ta ga dama. Ku gwada a naku: ku saita tsirkiya, ku danna ta da yatsa a bayan matashin, ku saki, idan sautin ya hau bai dawo ba, to nan matsalar take. Na goga bakin fensir a tsagogin, aka samu sauƙi na 'yan kwanaki, wanda ya isa ya tabbatar mini na kama ɓarawon.

Daga nan na yanke shawarar yin sabon matashi da ƙashi. Na karɓo ƙashin ƙafar sa a wurin wani mahauci a kasuwar Muda Lawal, na cire ɓargon, na dafa shi har sau uku ina zubar da ruwan domin maiƙo ya fita, sannan na shanya shi a inuwa na mako biyu. Na yanka da ƙaramin zarto, na daidaita da magagari da samfefa, kuma ina ba ku shawara ku rufe hanci, domin ƙurar ƙashi warinta kamar na gashin da aka babbake. Na farkon na ɓata shi da kaina: na zurfafa tsagar tsirkiya ta biyu fiye da kima, ta riƙa gogar ƙarfen farko na ƙarafan da aka gitta a wuya tana zizara, ba kuwa yadda za a mayar da ƙashin da aka riga aka goge. A na biyun na bi ƙa'idar da ta kamata, wato in danna tsirkiya a gida na uku (gida shi ne tsakanin ƙarafan wuya) in duba ratar da ke tsakaninta da ƙarfen farko, in tsaya da zarar ta rage kamar kaurin takarda. Na kuma karkata gindin kowace tsaga zuwa wajen kunnuwa, na santsa ta da guntun tsohuwar tsirkiya.

Tun daga ranar G ta natsu. Game da daɗin sauti kuwa, ba zan yaudare ku ba: bambancin ƙashi da roba a buɗaɗɗiyar tsirkiya kawai na ji shi, domin da ka danna yatsa a wuya, ƙarfe ne ke riƙe da tsirkiyar, matashi ya fita daga lissafi.

Jaki, kamar yadda masu garaya da goge ke kiran abin da ke tallafe tsirkiya a kan ciki, bai ba ni wahala ba. Na wannan ƙira yana lilo ne a kan sifirin uku da ke bayan jitar, shi ya sa idan ka ja tsirkiya ɗaya sauran sukan ɗan sauka. Tun da ba na amfani da sandar girgiza sauti, sai na ƙara sifirin biyu suka zama biyar, na ɗaure har jakin ya kwanta a jikin itace. Bayan haka na gwada kowace tsirkiya a gida na 12, wanda shi ne rabin tsawonta na milimita 648, inda sautin ya zarce sai in ja mazauninta baya. Sai dai a watan Janairu bushewar iska ta sa itacen wuya ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, tsirkiyoyi suka ɗaga, dole na murɗa sandar cikin wuya kwatan zagaye, na jira kwana guda, sannan na maimaita awon daga farko.

Saura gurnani. Fikof, wato na'urar da ke ɗauko sautin tsirkiya zuwa amfilifaya, idan mai naɗin waya ɗaya ne irin guda ukun da ke jitata, yana kwaso kukan wutar lantarki wadda a ƙasarmu take kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma domin maganin wannan ne Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson mai naɗi biyu, wanda ya fara fitowa a jitocinsu a 1957. Ban sayi sabo ba, saboda siririn sautin nan mai kaifi irin na makaɗan Agadas shi ne ya sa na fara koyo. Abin da na yi shi ne lulluɓe ramukan ciki da tef ɗin jan ƙarfe, wani mai gyaran rediyo a Wunti ya liƙa mini shi da wayar ƙasa da dalma, muka auna da mita muka ga ko'ina ya haɗu. Tsuwar da cajar waya da ƙwayayen fitila ke jawowa ta ragu sosai, amma asalin gurnanin yana nan, sai in na sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na biyu ko na huɗu. A wurin ne kuma muka ga maɓallan ƙara masu 500k ne (awon turjiyarsu ga wutar lantarki ke nan), muka mayar da su 250k yadda aka saba haɗa irin wannan fikof, tsinin da ke sokar kunne ya lafa. Mai gyaran ya ja mini kunne cewa tsirkiyoyi a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya, saboda haka duk wanda ya ji jita tana ɗan jansa, musamman a kan janareta, ya cire ta nan take a duba wayarin.

Ranar Asabar da ta wuce na yi sa'a guda ina maimaita darasi, sau ɗaya tak na taɓa kunne. Bakin ƙarafan da ke kartar hannu ban goge su ba tukuna, domin magagarin da nake da shi ya yi kaushi da yawa, kuma ina so in yi aikin kafin ruwan farko ya sauka itacen ya kumbura ya ɓoye su.