Ranar da ƙuri'a ta faɗa mini kan kalmomin kunya

Malaminmu na tarihin harsuna ya raba mana aikin farfaɗo da kalmomin tsohon harshen da ya haifi Girkanci da Latin da Sanskrit da Farisanci, harshen da ba wanda ya taɓa rubuta shi. Wani ya samu sunayen dabbobi, wata ta samu na dangi, ni kuwa sai al'aura da abin da ya shafe ta suka faɗo hannuna. Aji ya ɗauki dariya.

Wahalar farko ƙamus ne ya ba ni ita. Na buɗe na Pokorny, ƙamus ɗin tushen kalmomin wannan tsohon harshe, bugun 1959, wanda bayaninsa da Jamusanci ne, ina zuwa kalmar saduwa sai ya koma Latin, ya rubuta futuere. Ƙamus ɗin Girkanci na Liddell da Scott ma haka ya yi wa kalmar mazakuta. Ashe malaman Turai suna da tasu kunyar, kamar yadda mu ke cewa "gaba" mu wuce.

Ɓangaren namiji bai wahalar da ni ba. Na jera Sanskrit pásas da Girkanci péos da Latin pēnis, kwana biyu ina ganin ba su haɗu ba, sai na tuna Girkanci yana zubar da s idan ta faɗo tsakanin wasula, Latin kuma ya haɗiye ta gaban n ya ja wasalin. Tushen *pes- ya fito fili, alamar tauraro tana nuna ba a gan shi a rubuce ba. Maraina ma haka: Girkanci órkhis, Abestanci (wani tsohon harshen Iran) ərəzi, Albaniyanci herdhe. Daga kalmar Girkancin nan furen orchid ya samo suna, saboda siffar saiwarsa.

Na mace ne ya kayar da ni. Na ɗauko Latin cunnus da Girkanci kústhos da Farisanci kus, na ga sun yi kama, ma'ana ɗaya, na ƙera musu tushe na kai. Malam ya ja jan biro a kai, ya ce in nuna masa dokar sautin da ta haɗa su ukun. Na rasa. Kama da wane ba ta wane, ni kuwa kunnena na bi. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a nan shi ne mahaifa: Sanskrit gárbha, Girkanci delphús. Daga ita Girkawa suka sami adelphós, wanda kuka fito ciki ɗaya. Na yi murmushi, don mu ma ɗan'uwa muke cewa, ko da yake Hausa ba ta cikin wannan zuriya sam.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce *yebh-. A Sanskrit yábhati saduwa ce, a Rashanci ta zama ashar mai nauyi. Amma a Tokariyanci, harshen da aka tono takardunsa a hamadar yammacin Sin, yäp- na nufin shiga kawai, kamar shiga ɗaki. Masana da dama na ganin wannan ce ma'anar asali, wato sakaya zance aka yi da ita tun farko, yau da gobe sakayar ta yage, aka nemi wata a rufe ta.

Da na gabatar da aikin, na kai kan wannan kalma sai na ji bakina ya ce "kusantar iyali".