Gishiri giram 40 a lita ɗaya

Yaya ya dawo daga Masar shekaranjiya, saboda haka yau da hantsi ni da Auta muka tafi Unguwar Rimi yi masa barka da sauka. Tsarabata jallabiya ce mai ruwan toka da kwalin dabino. Kwana 3 ya yi a Alƙahira wajen likitan ido, daga nan abokin kasuwancinsa ya ja shi Sharm el-Sheikh suka yi kwana 5 suna hutawa.

Da jin sunan garin na gyara zama, domin shekara 11 ke nan ina zana wa ɗalibai yankin Sina'i a allo, ina ɗiga alli a kan tsininsa na kudu, daidai inda Bahar Maliya ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Suwez, ɗaya ya nufi Aƙaba. Ban taɓa zama da wanda ya taka wurin da ƙafarsa ba sai yau.

Na ce, "Yaya, ka samu zuwa Ras Muhammad kuwa?"

Ya ce, "Wane ne shi? Ni ban haɗu da mai wannan suna ba."

Anti ta yi dariya har ta ajiye faranti. Na bayyana masa cewa wuri ne kudu da garin, wanda gwamnatin Masar ta killace tun 1983, kuma shi ne gandun da ta fara killacewa a ƙasar. Abin kallon yana ƙarƙashin ruwa: duwatsun murjani, dangin wanda Inna take ɗaurawa a wuya ranar salla, waɗanda wasu ƙananan halittu suke ginawa sannu a hankali, kifaye masu launi iri-iri suna kai da komo a tsakaninsu. Wanda bai iya iyo ba ma akwai jirgin ruwa mai gindin gilashi, yana zaune da rigarsa a bushe zai ga komai. Yaya ya ce lallai an yi masa tallan jirgin a bakin otal, amma shi bai ga dalilin biyan kuɗi don kallon kifin da ba za a soya masa ba.

Na tambaye shi Dutsen Ɗuri Sina, wanda ake cewa a kansa Allah ya yi magana da Annabi Musa, tafiyar kamar awa 3 a mota daga garin, inda baƙi suke hawa cikin dare don fitowar rana ta same su a ƙololuwa, tsayin mita 2,285. Ya ce gwiwarsa ba ta hawan bene ma, balle dutse. Wannan uzuri na karɓe shi.

Gaskiya kuma ba zan zalunce shi ba, ya zo da abin da babu shi a littafina. Ya yi Juma'a a Masallacin Sahaba da ke tsohuwar kasuwa, wanda aka buɗe a 2017, ya nuna mana hoton hasumiyoyinsa biyu da dare an haska su da fitilu. Ya ce a Na'ama Bay, inda otal-otal da gidajen abinci suka yi jeri a bakin ruwa, Turawa suna kwance a rana kamar an shanya kilishi, shi kuwa kansa a sunkuye har ya wuce. Ya ce yaran shaguna suna yi wa baƙi ciniki da Rashanci da Italiyanci, da suka ji sallamarsa kuma suka koma Larabci suna kiransa Hajji. Ya lura babu kogi babu rijiya, ya tambaya aka ce masa ruwan teku ake tacewa a cire gishirin kafin ya zo famfo. Ni abin da na iya ƙarawa shi ne tarihi: ɗan wurin masunta ne a da, Isra'ila ta riƙe shi daga 1967 zuwa 1982, bayan ya dawo hannun Masar aka mai da shi garin baƙi da manyan taruka, har da taron sauyin yanayi na duniya a Nuwamban 2022. Ya ce, "Malam ke nan, kai da ba ka je ba ka fi ni labari."

Wasa yake yi, na sani. Amma da na tambaye shi ko ya ɗanɗana ruwan, sai ya ce ko ƙafa bai tsoma ba, ya ƙara da cewa, "Ruwa dai ruwa ne, Malam. In ruwa kake marmari, ga kogin Kaduna nan kusa a Gamji."

Wannan magana ita ta bi ni har gida. A hanya Auta tana ta surutu a kan dabino, ni kuwa lissafi nake yi: albashin wata nawa ne kuɗin jirgi, kuma shekara nawa suka rage mini ina koyar da tekun da ban taɓa gani ba. Ba hassada nake yi wa Yaya ba, guminsa ya ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya kwana 5 taku kaɗan daga Bahar Maliya, ya dawo yana haɗa ta da kogin Kaduna.

Na gyara takardun jarrabawa 20 bayan La'asar. Wuta ta ɗauke.

Bayan Isha'i na shiga kicin na ɗauko jug ɗin awo. Kullum ina faɗa wa ɗalibai cewa Bahar Maliya tana cikin tekuna mafiya gishiri, kusan giram 40 a kowace lita, saboda zafin rana yana ƙafar da ruwan kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta. Na auna lita ɗaya, na zuba babban cokali biyu da ɗan ƙari, na juya har ya narke, na kurɓa. Ban iya haɗiyewa ba, sai da na furzar a bakin rariya, idona ya kawo ruwa. Maman Auta ta leƙo da tocila ta ce, "Malam, lafiya? Haƙorin ne ya tashi?" Na ce mata aikin makaranta ne. Ta dubi robar gishirin, ta dube ni, ta ce gobe in biyo mata da wani daga kasuwa.

Sauran ruwan na juye shi a gora, ranar Litinin zan kai aji.