Shingen Aintree a bargar Kawu

Ana saura kwana biyu Sallah na bar Katsina zuwa Daura, in taya Kawu shirin hawa. Mu shida aka cusa a Golf, ga ƙullin geron wata baiwar Allah a kan ƙafata. Har muka wuce Mashi ban ɗaga kai ba, ina kallon sukuwar Grand National da na sauke a waya, wadda ake yi a filin Aintree kusa da Libaful tun 1839. Na gefena ya leƙo ya ce, "Malam, ai wannan kisan dawaki ne."

Da la'asar na iske Kawu a barga yana zuba wa akawalinsa harawa. Muna gama gaisawa na miƙa masa wayar, na shiga zuba masa ilimi: shinge 16 ne, zagaye biyu, amma biyu daga ciki sau ɗaya ake tsallake su, tsalle 30 ke nan a kusan kilomita 7. Na nuna masa mafi tsayi, The Chair, ƙafa 5 da inci 2, ga rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa.

Ya taɓe baki. "Wannan ai doki na ganin abinsa. Mayar da ni inda suka zube."

Shingen Becher's Brook ke nan, mai sunan Kyaftin Becher da ya faɗa rafin wurin a 1839. Sau uku Kawu ya sa na maimaita, ya kawo wayar dab da hancinsa. Bayan shingen ya fi gabansa gangara, kuma shi ya fara lura, ban gaya masa ba.

"Ka gani, yaro? Tun kafin ya tashi ya auna inda zai dira. Sai ya miƙa ƙafa ya ji babu ƙasa. Ka taɓa sauka daga dakali cikin duhu?"

"Na taɓa, Kawu."

"To, ɗora mutum a bayanka."

Shingen Canal Turn bai ɗauke shi lokaci ba, inda ana dira sai a karya kwana hagu. Ya ce aikin linzami ne. Labarin 1967 ne ya ba shi dariya: a tsalle na 23, ɗaya daga cikin ƙananan shingayen, wani dokin da ya yar da mahayinsa ya gitta, aka yi ta cin karo, sai wani doki mai suna Foinavon da ke can baya ya raɓa ya wuce, ya ci gasar.

Na ce masa yanzu an sassauta. Tun 2013 aka sauya itacen da ke cikin shingen da roba, a 2024 kuma aka rage dawaki daga 40 zuwa 34. Ya ce sun kyauta, ya goge wayar da bakin rigarsa ya miƙo mini.

"Gobe da asuba za mu kai shi wanka. Akwai kwata a bakin lungu, ka riƙe ragama da kyau, ba ya son tsallake ta."