Daga Kaduna zuwa Ewu, gidan da ake koyon yin shiru

Sammako muka yi daga Kaduna, don mai zuwa Ewu bai kamata dare ya yi masa a hanya ba. Muka bi ta Abuja da Abaji, muka haye gadar Murtala Muhammad a kan kogin Kwara, sai Lokoja, Okene, Auchi. Da yamma muka isa gidan sufayen Katolika mabiya Waliyyi Benedikt na Ewu a jihar Edo, wanda sufaye daga Glenstal ta ƙasar Ailan suka kafa a 1979. Mutanenmu sun fi sanin wurin da magungunan ganye na Pax Herbals. Ni kuwa keɓewar kwana uku ta kai ni. Ba a zuwa kwatsam, sai an nemi ɗaki tukuna.

Dokar gidan, wadda Benedikt ya rubuta, tun ƙarni na 6 take, babi 73, kuma kalmarta ta farko ita ce "saurara". Ƙararrawa ke raba yini: tun da duhu a shiga sujada a rera Zabura, a fita aiki, a komo. Bayan addu'ar dare baki ya mutu sai safiya.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne karatun da suke kira lectio divina, mai hawa huɗu. Ɗan'uwan da ke kula da baƙi ya ce in ɗauki Markus 10:46-52, labarin makaho Bartimawas, aya bakwai kacal, in ba shi rabin awa. Da farko a karanta a hankali sau biyu ko uku, leɓe na motsi. Inda wata kalma ta riƙe ka, nan za ka tsaya ka yi ta bimbini, kamar saniya tana tuƙa. Tawa ita ce tambayar Yesu: me kake so in yi maka? Daga nan sai addu'a, gajeriya, wadda ta fito daga kalmar. Na huɗu shi ne zama gaban Ubangiji ba tare da cewa komai ba.

A hawa na biyu aka fi yin tuntuɓe. Mu da muka saba da wa'azi, nan da nan muke mai da ayar darasi don wasu, har da kashi na ɗaya da na biyu. Da zarar haka ta faru, sauraro ya ƙare. Wasu kuma su kwashi sura guda, su gama ba abin da ya zauna. Gyangyaɗi yakan zo in an jingina ko an cika ciki, shi ya sa safiya ta fi, a kan benci, baya a miƙe. In tunanin kuɗin makaranta ya kutso, ba a kokawa da shi. A koma kan kalmar, ko sau ashirin ne.

A hanyar dawowa cunkoson tireloli ya tsare mu wajen Lokoja kusan awa biyu. Na buɗe Markus sura 10 a kan cinyata, na sake farawa daga aya ta 46.