Ranar da Na Ƙi Sa Hannu, da Abin da Ya Biyo Baya

Labarin Sarki Saul a 1 Sama'ila sura 15 ya daɗe yana damuna. An aike shi yaƙi da Amalekawa, aka ce kada ya bar komai da rai, ya je, ya ci nasara. In lissafi za a yi, ya cika mafi yawan abin da aka umarce shi. Sai dai ya bar Agag sarkinsu da rai, ya kuma ware tumaki da shanu mafi kyau. Da Sama'ila ya iso, Saul ya tarye shi da cewa ya cika umarnin Ubangiji, annabin kuwa ya tambaye shi, to kukan tumakin nan da yake ji fa? Saul ya ce ai na hadaya ne. A aya ta 22 aka faɗa masa cewa biyayya ta fi hadaya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne Saul bai juya wa Allah baya gaba ɗaya ba. Zaɓe ya yi, ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi cikin umarnin, sauran kuma ya lulluɓe shi da rigar ibada.

Ni aikina kula da sito ne. Kaya su shigo in ƙirga, in rubuta, in sa hannu. Wata rana aka sauke kaya, na ƙirga na sāke ƙirgawa, ba su kai adadin da ke kan takarda ba. Shugabana ya zo da kansa, ya ajiye takardar a kan teburina, ya ɗora biro a kai, ya ce in sa hannu, ragowar suna hanya. Na san babu wata ragowa, shi ma ya san na sani. Hannuna na rawa na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ƙirga zan iya sa wa hannu. Wannan kam ka yi haƙuri." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki takardarsa ya fita, ko ƙofar bai rufe ba.

Na ɗauka a nan gwajin ya ƙare. Maganar Bitrus a gaban majalisa, a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa dole a yi wa Allah biyayya fiye da mutane, ta yi ta yawo a kaina, kuma raina ya yi sanyi. Ashe rabin hanya na ci.

Daga ranar aka fara ɗora mini aikin da ba nawa ba. In na gaishe shi, da ƙyar yake amsawa. Ƙarin girma ya zo, aka tsallake sunana. Abokan aiki suka ce in daina kashe kaina, in yi iya abin da ba za a kama ni da laifi ba, tunda ba a san darajata ba. Maganarsu ta shige ni, domin a ido tana da kamar gaskiya. Na kai kukana wurin wani dattijo a ikkilisiyarmu, ina jiran ya ce na kyauta. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Ɗana, kana yi masa addu'a?" Na ce, "Baba, shi ne fa ya cuce ni." Ya buɗe Matiyu 5:44 ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi: a ƙaunaci magabta, a yi wa masu tsananta mana addu'a. Ya ƙara da Kolosiyawa 3:23, inda Bulus ya ce duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya, kamar Ubangiji muke yi wa, ba mutane ba. Bai ce komai a kai ba, ya rufe Littafin.

A hanyar komawa na gane cewa Allahn da ya hana ni shaidar ƙarya shi ne kuma ya hana ni riƙon mutumin nan a zuciya. Ƙin sa hannu yana da ɗan daɗinsa, don mutum yana ganin kansa jarumi. Yi wa wanda ya tauye ka addu'a ba mai gani, ba mai yabo, kuma nan ne na fi shan wuya. Da farko sunansa ma maƙalewa yake a maƙogwarona. Na fara da abin da zan iya faɗa da gaske: Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye iyalinsa. A hankali na kai ga roƙa masa alherin da nake roƙa wa kaina. Ban jira sai na ji sha'awar yi ba, domin da na jira, da har yau ban fara ba. Zuciyar ce ta biyo baya, ba ta ja gaba ba. A wurin aiki kuma na ci gaba da zuwa kan lokaci, ina tsara littafin sito tsaf, har da aikin da aka ɗora mini don a ƙuntata mini.

Ba na yarda da masu cewa ka yi biyayya yau, gobe ka ga sakamako. Kalibu yana da shekara 40 aka aike shi daga Kadesh-barneya leƙen ƙasar Kan'ana. Cikin mutum 12, shi da Joshuwa kaɗai suka ce a shiga. Duk da haka ya sha yawon jeji tare da waɗanda suka ƙi, sai da ya kai shekara 85 ya karɓi Hebron, kuma Joshuwa sura 14 ta nanata cewa ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya. Shekara 45 ke nan yana jira, bai canza magana ba. Yesu kuwa a Yohanna 14:15 ƙauna ya ɗaura wa biyayya: mai ƙaunarsa zai kiyaye umarninsa. Bai yi ciniki da kowa ba.

Har yanzu ina kan kujerar da nake, kuma akwai watannin da rashin ƙarin girman nan yake yi mini ciwo sosai. Shugabana bai taɓa tada maganar ba, ni ma haka. Kwanakin baya da ɗansa ya kwanta asibiti na je dubiya, ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Irin waccan takardar kuma bai sāke kawo mini ita ba.